Ƙunar Da Ke Gyara Bugun Zuciya: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Kama Hanyar Alƙahira

Daga wakilinmu a Gadarif

A 'yan shekarun nan wata magana ta shigo bakin mutanenmu da ke harka tsakanin kasuwar amfanin gona ta Gadarif da kan iyakar Gallabat, wato ka ji an ce wane ya tafi Misira ko Indiya an yi masa "kayyi" a zuciya. Duk wanda ya ji haka karon farko sai gabansa ya faɗi, domin abin da muka sani da kayyi shi ne lalas, ƙarfen nan da ake sa wa a wuta har ya yi ja a ɗora wa raƙumi ko saniya, ko kuma sakiyar da wanzami ke yi wa kumburi. To yaya za a yi wa zuciya lalas, mutum kuma ya tashi ya koma rumfarsa?

Amsar dai ita ce ana yi, kuma an fi shekara 30 ana yi. Idan mai karatu bai manta ba, a farkon watan Oktoba na shekarar 2004 kafofin yaɗa labarai sun cika da labarin cewa an kwantar da Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Tony Blair, a asibitin Hammersmith da ke Landan saboda matsalar bugun zuciya. Wannan ƙunar aka yi masa, kuma a ranar ya koma gida.

Tambayoyi a kan wannan aiki sun yawaita a shirin lafiya na gidan rediyonmu, akasari daga mutanen da likita ya ce zuciyarsu na "rajafan", kuma suna shawarar sayar da riɗin bana ko motar dako su nemi biza. Kafin mutum ya kai ga haka, ya kamata ya san abin da ƙunar ke yi. Shinge ne ake kafa wa wutar lantarkin da ke gudana a cikin zuciya. Amfanin shinge kuwa ya rataya ne a kan abu biyu: kada a bar masa kafa, sannan ƙasar da aka kafa shi a kai ta kasance mai riƙewa.

Lantarkin da ke cikin ƙirji

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. Biyu na sama su ne jini ke fara shiga, don haka bari mu kira su zauren dama da zauren hagu. Biyu na ƙasa su ne masu ƙarfi, su ke tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Tsakanin kowane zaure da ɗakin da ke ƙasansa akwai ƙofa mai ƙyaure, wadda likitocin nan ke kira "samam", tana buɗewa jini ya wuce, ta rufe don kada ya dawo.

Abin da ke sa naman zuciya ya matse ya saki kuwa shi ne wutar lantarki, 'yar kaɗan, wadda ita zuciyar ke samar wa kanta. A saman zauren dama akwai wani ɗan guntun nama, wanda wasu masana biyu a Ingila, Arthur Keith da Martin Flack, suka gano a shekarar 1907. Shi ne mai kiɗan zuciya. Sau 60 zuwa 100 a minti yake sakin wuta idan mutum na hutawa, wutar ta bazu daga ƙwayar nama zuwa maƙwabciyarta, kowace ta miƙa wa ta kusa da ita kamar yadda 'yan dako ke jeruwa suna miƙa buhu daga mota zuwa sito. Wutar na tafiya a cikin zaure da gudun da bai wuce mita ɗaya a daƙiƙa ba, ta tsallaka zuwa zauren hagu ta wata gadar nama, sannan ta gangaro wata mashiga guda ɗaya tak da ke tsakanin sama da ƙasa. A wannan mashiga ake ɗan tsare ta kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, domin zaurukan su gama juye jininsu kafin ɗakunan ƙasa su matse.

Akwai wani hali na ƙwayar naman zuciya da ya kamata mai karatu ya riƙe, don duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Da zarar wuta ta ratsa ta, sai ta huta kamar rubu'in daƙiƙa, kuma a cikin wannan hutu ko an kawo mata wuta ba za ta karɓa ba. Saboda haka ne a lafiyayyar zuciya wutar kan bazu sau ɗaya, ta kai bango, ta rasa wanda za ta miƙa wa domin kowa na hutu, sai ta mutu. Daga nan sai a jira kiɗa na gaba.

Matsala tana farawa ne idan wutar ta ƙi mutuwa. Idan ta samu doguwar hanya da za ta kewaya, ko kuma wani wuri da tafiyarta ta yi nauyi, to kafin ta zagayo inda ta faro ƙwayoyin wurin sun gama hutawa, sai su sake karɓar ta. Shi ke nan ta shiga zagaye, ta ƙwace ragama daga hannun mai kiɗa.

Iri biyu aka fi sani. Na farko shi ne wanda likitoci ke kira "rafrafa", inda wuta guda ke kewaya bakin ƙofar zauren dama sau wajen 300 a minti. Mashigar nan ta tsakiya takan bar ɗaya ta wuce ta tare ɗaya, sai mutum ya ji zuciyarsa na bugawa sau 150, daidai wa daida kamar injin niƙa. Na biyu shi ne "rajafan", wanda ya fi yawa ya kuma fi wuyar sha'ani. A nan babu zagaye guda, wutar ce ke farfashewa gida-gida, tana karo da juna sau 400 zuwa 600 a minti, har zaurukan su daina matsewa su koma karkarwa kawai. Idan ka taɓa jijiyar wuyan hannun mai wannan ciwo za ka ji bugun ba shi da tsari ko kaɗan, biyu da sauri, ɗan shiru, uku a jere, kuma shiru.

Faɗuwar gaba da haki da gajiya su ne abin da majiyyaci ke kuka da shi, amma babban haɗarin yana wani wuri dabam. Zauren da ba ya matsewa jini kan kwanta a cikinsa, jinin da ya kwanta kuma yakan daskare. Ranar da gudan jinin ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, ranar ce ake cewa wane ya faɗi a rumfa ɓarin jikinsa ya shanye. Rajafan kan ninka haɗarin shanyewar jiki wajen sau 5, idan kuma ya haɗu da tsukewar ƙofar zauren hagu haɗarin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Daga wuƙa zuwa waya

Dabarar datse wa wutar hanya da wuƙa aka faro ta. A shekarar 1987 wani likitan tiyata mai suna James Cox, a birnin St. Louis na Amurka, ya buɗe ƙirjin majiyyaci ya yayyanka bangon zaurukan bisa wani tsari, ya sake ɗinke su. Hikimar ita ce duk inda aka yanka aka ɗinke tabo zai fito, tabo kuwa ba ya ɗaukar wuta. Sai ya zama ya bar wa wutar lungu guda da za ta bi daga mai kiɗa zuwa mashigar tsakiya, ba tare da filin da za ta yi zagaye ba. Aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai babbar tiyata ce da ba kowa za a yi wa ba.

A daidai waɗannan shekaru wasu likitocin na neman yadda za su yi tabon ba tare da tsaga ƙirji ba. A 1981 Melvin Scheinman a San Francisco ya yi amfani da siririyar waya da aka zura ta jijiya ya saki wuta mai ƙarfi a cikin zuciyar majiyyaci. Wannan wuta ta cika ɓarna, don haka zuwa ƙarshen shekarun 1980 aka koma ga wata mai sauƙin sarrafawa, wadda ke kaiwa da komowa sau wajen 500,000 a daƙiƙa. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan lamba, domin tana dab da inda matsakaicin zango ya fara a jikin akwatin rediyo, kuma daga nan ne aikin ya samo sunansa na ƙuna da igiyar rediyo. Amfanin wannan sauri shi ne ya fi ƙarfin naman zuciya ya bi shi, don haka ba ya razana ta, zafi kawai yake haifarwa.

Babban sauyi ya zo ne a 1998 daga birnin Bordeaux na Faransa. Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa sun binciki majiyyata 45 masu rajafan mai zuwa yana tafiya, inda suka tarar cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na tartsatsin da ke tayar da ciwon daga wuri guda yake fitowa, wato bakin jijiyoyi huɗu da ke dawo da jini daga huhu zuwa zauren hagu. Naman zaure ya ɗan shiga cikin bakin waɗannan jijiyoyi kamar hannun riga, kuma a can ne tartsatsin ke tashi. Da farko cikin jijiyar ake shiga a ƙona wurin, sai aka lura jijiyar na tsukewa daga baya. Daga nan aka koma zagaye bakinsu daga waje da layin ƙuna, a killace su, ta yadda ko tartsatsin ya tashi ba zai fito ba.

Abin da ƙunar ke yi wa nama

Ga yadda aikin ke gudana. Ta jijiyar matsematsi ake zura wayar, wadda ake kira "ƙastara", a bi da ita har zauren dama. Idan aikin na hagu ne sai a huda ɗan siririn bangon da ke tsakanin zaurukan biyu a tsallaka. A bayan majiyyaci an manna wani faifai da wutar za ta fita ta cikinsa. Kwamfuta kuma na zana taswirar zauren, tana nuna inda bakin wayar yake da inda aka riga aka ƙona.

Shi bakin wayar ba a zafafa shi kamar ƙarfen lalas. Wutar da ke fita daga cikinsa ce ke cunkushewa a ɗan naman da ke manne da shi, wanda bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, cunkoson ya haifar da zafi, zafin kuma ya ratsa zuwa ciki a hankali kamar yadda zafin kasko ke shiga cikin waina. Idan nama ya kai digiri 50 a ma'aunin zafi ya mutu ke nan, ba ya dawowa. Idan kuma ya kai 100 ruwan cikinsa zai tafasa, jini ya ƙone ya manne a bakin wayar, wani lokaci ma tururi ya fashe ya huda bango. Tsakanin waɗannan lambobi biyu likita ke aiki, shi ya sa wayoyin zamani ke fesa ruwan gishiri daga bakinsu don sanyaya wurin, suna kuma auna ƙarfin dannawar da aka yi. Ƙarfin wutar duka-duka bai fi na ƙwan fitila ba, wat 25 zuwa 50.

Kowace ƙuna ɗaya faɗinta bai wuce ƙwayar wake ba. Don haka layi ba a jan shi kamar da alƙalami, ɗigo-ɗigo ake jera shi, kowane ɗigo ya hau kan na kusa da shi, gommai daga cikinsu kafin a zagaye jijiyoyin huhu. Manoman manyan gonakin dawa da riɗi na wannan jiha ba sa bukatar dogon bayani a nan. Idan damina ta wuce ciyawa ta bushe, akan sa tarakta ta share layi a gefen gona don tare gobarar daji, kuma kowa ya san layin nan ko ya kai kilomita goma, in aka bar taku biyu na ciyawa a tsakiya, to ta nan wutar za ta shigo.

A zuciya ma sharuɗɗan biyu ne. Dole layin ya haɗe ba kafa, kuma dole ƙunar ta ratsa kaurin bangon tun daga ciki har waje. Bangon zaure a wurare da dama bai fi kaurin ɓawon lemo ba, milimita 2 zuwa 3, amma ba ko'ina yake daidai ba, akwai tudu akwai kwari. Inda ya yi kauri, ƙuna kan iya cin ciki ta bar wani siririn nama mai rai a waje, wutar ta bi ta ƙarƙashin shingen. Inda ya yi siriri kuma, musamman bangon baya na zauren hagu, hanyar abinci na manne da shi, zafi in ya yi yawa zai kai gare ta. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yakan yi kisa, shi ya sa duk wanda aka yi wa aikin ya ji zazzaɓi ko zafi wajen haɗiya ko ciwon ƙirji a cikin makonnin da suka biyo baya, kada ya tsaya shan maganin maleriya, ya nufi asibiti ya faɗi aikin da aka yi masa. Haka kuma wajen mutum ɗaya cikin 100 jini kan tsiyaya ya taru a jakar da ke kewaye da zuciya, sai an zuƙe shi nan take.

Ɓarauniyar hanya

A nan ne abin ya fi ban mamaki, kuma a ganina nan ne masu tallar asibitocin waje ba sa son tsayawa. Mutum zai zaci layin da ya haɗe kashi 95 cikin 100 ya yi kashi 95 na aikin. Ba haka abin yake ba. 'Yar kafar da ta rage a layin takan zama abin da mu a kan iyaka muke kira ɓarauniyar hanya. Naman wurin ya ji zafi bai mutu ba, ya raunana, don haka wutar na ratsa shi amma da rarrafe. Mai karatu ya tuna abin da muka ce a baya, cewa tafiya mai nauyi ita ke ba wuta damar yin zagaye, domin kafin ta fito ta ɗaya ɓangaren ƙwayoyin can sun gama hutawa. Ke nan ƙunar da ba ta kammalu ba tana iya haifar da sabon zagaye da babu shi a da. Akwai waɗanda suka shiga da rajafan suka fito da wani bugu mai sauri mai tsari, wanda ya fi na farko damun su, har sai da aka koma aka nemo kafar aka toshe.

Don haka ne ƙwararren likita ba ya gamsuwa da cewa bugun ya daidaita a kan tebur. Sai ya gwada shingen. Yakan saki 'yar wuta daga wannan gefe ya saurara a wancan, sannan ya juya ya yi daga wancan zuwa wannan. A aikin rafrafa, inda layin gajere ne, santimita 2 zuwa 4 tsakanin ƙofar zauren dama da babbar jijiyar da ke hawowa daga ciki, idan an toshe sai wutar ta kewaya zauren gaba ɗaya kafin ta iso ɗaya gefen, kuma jinkirin da na'ura za ta nuna shi ne shaida. Wannan aiki na rafrafa shi ne mafi tabbas, fiye da mutum 90 cikin 100 kan rabu da shi, ko da yake da yawansu rajafan kan bayyana musu daga baya.

Sai dai ko gwajin ma yana da iyaka. Gefen kowace ƙuna akwai naman da ya kumbura ya suma, bai mutu ba. A ranar aiki ba ya ɗaukar wuta, sai a ga kamar layi ya haɗe. Bayan kwanaki ko makonni kumburin ya saɓe, naman ya farfaɗo, hanya ta buɗe. Likitoci kan jira kamar minti 20 zuwa 30 su sake gwadawa, wasu kuma su yi allurar wani magani mai suna adenosin da ke tona asirin naman da ya suma. Duk da haka, idan aka koma cikin zuciyar waɗanda ciwon ya dawo musu, mafi yawansu akan tarar aƙalla jijiya ɗaya ta sake haɗewa da zaure.

Haka kuma ƙunar kan ɗauki makonni kafin ta zama tabo na dindindin, kuma a cikin wannan lokaci zauren a fusace yake. Saboda haka faɗuwar gaba a wata biyu zuwa uku na farko ba ta nufin aikin ya lalace, kamar yadda shiru a makon farko ba ya nufin an warke. Ga masu rajafan mai zuwa yana tafiya, wajen 7 cikin 10 kan kai shekara ba tare da ya dawo ba bayan aiki ɗaya. Ga waɗanda ya zaune musu dare da rana kuwa, adadin ya fi kusa da rabi. Wanda zai yi lissafin kuɗin tafiya ya sa yiwuwar komawa karo na biyu a cikin lissafinsa.

Wani zai ce to me zai hana a ƙara yawan layukan? An gwada. A 2015 aka fitar da sakamakon wani bincike da Atul Verma na ƙasar Kanada ya jagoranta a kan majiyyata 589 masu zaunannen rajafan. Waɗanda aka killace wa jijiyoyin huhu kawai, kashi 59 cikin 100 ba su sake ganin ciwon ba a cikin wata 18, waɗanda aka ƙara wa layuka a rufin zaure da gefen ƙofa kuwa kashi 46 ne. Ƙarin ƙuna bai ƙara komai ba, domin kowane sabon layi sabon wuri ne da za a iya barin kafa. A yau akwai masu daskarar da naman da sanyi maimakon zafi, akwai kuma sabuwar hanya ta harba wuta mai ƙarfi cikin ƙiftawar ido, wadda aka amince da ita a Turai a 2021, a Amurka kuma a ƙarshen 2023, wadda ta fi sauƙi ga hanyar abinci. Amma duk tabo suke nema, kuma sharaɗin rashin kafa na nan a kan kowannensu.

Ƙasar da ake kafa shingen

Duk waɗannan alƙaluma, mai karatu, akasari daga Turai da Amurka aka samo su, inda mai rajafan yawanci dattijo ne mai hawan jini ko ƙiba, ƙofofin zuciyarsa lafiya lau. Muna da irin waɗannan a cikin manyan 'yan kasuwarmu, masu wuni zaune a kan tabarma ana kawo shayi da nama. Amma a Sudan, kamar a Habasha da arewacin Nijeriya da Nijar, akwai wani babban rukuni dabam, samari da mata masu shekara 20 zuwa 40 waɗanda ciwonsu ya faro tun suna yara daga ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Ƙwayar cutar da ke kawo shi takan sa jiki ya juya ya yaƙi ƙofofin zuciyarsa, musamman ta zauren hagu. Cire beli da wanzami ke yi ba ya kashe wannan ƙwaya, penisilin ke kashe ta. Wannan ciwo na kashe fiye da mutum 300,000 a duniya kowace shekara, kuma a nan gida Farfesa Sulafa Ali, likitar zuciyar yara, ta shafe shekaru tana jan hankalin hukuma a kansa.

Idan ƙofar ta tsuke, jini kan taru a zauren hagu ya riƙa buɗa shi shekara da shekaru, har ya zama kamar tsohon buhun da ya sha kaya. Bangon ya miƙe, tabo ya bazu a cikinsa ko'ina, wuraren da wuta ke rarrafe suka yi yawa ba tare da kowa ya ƙona komai ba. A irin wannan zaure tartsatsin ba daga jijiyoyin huhu kaɗai yake tashi ba, don haka killace su ba ya wadatarwa, kuma muddin ƙofar na tsuke zauren zai ci gaba da buɗewa. Mai irin wannan ciwo ƙofarsa ce abin dubawa tukuna, ko a buɗa ta da balan-balan ta jijiya, ko a gyara ta, ko a sauya ta. Idan har za a buɗe ƙirji don ƙofar, a nan ne ya dace ya tambayi likitan tiyata ko za a iya haɗawa da layukan ƙuna irin na Cox a lokaci guda, domin a buɗe an fi samun layi mai ratsa bango.

Ga masu ciwon ƙofa, sunan da aka fi sani a ƙasar nan shi ne Cibiyar Salam da ke Soba a kudancin Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya, da marigayi Dokta Gino Strada ya kafa, ta buɗe a 2007, kuma kyauta take aikin tiyatar zuciya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya wargaza asibitocin Khartum, sannan a Disambar wannan shekara ya iso Madani, inda mutanen Gadarif suka saba zuwa ganin likitan zuciya, har dubban jama'a suka kwararo garin nan. Cibiyar Salam ba ta rufe ba duk da aikinta ya ragu matuƙa, ta kuma buɗe ƙaramin asibitin bibiya a Atbara saboda majiyyatan da hanya ta yanke musu. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a watan Maris, amma na'urori da ƙwararrun da aka rasa ba sa dawowa rana ɗaya. A cikin wannan giɓi ne dillalan asibitocin waje suka samu kasuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya dawo daga tafiya, ya ji ƙirjinsa shiru, ya ajiye maganin tsinka jini. Bayan ƙuna dole a sha shi aƙalla wata biyu, domin sabon gyambon da ke cikin zaure shi kansa wurin daskarewar jini ne. Bayan nan kuma likita ne zai yanke hukunci bisa haɗarin da mutum ke ciki, don rajafan kan dawo a ɓoye ba tare da mai shi ya ji komai ba. Mai tsukakkiyar ƙofa ko ƙofar ƙarfe kuwa, warfarin ne abokin zamansa, da gwajin "suyula" a kai a kai. Akwai sababbin ƙwayoyi masu tsada da ba sa bukatar wannan gwaji, waɗanda ake shigowa da su ta kan iyaka, kuma ɗan kasuwa na da saurin ɗaukar cewa mai tsada ya fi kyau. A 2022 wani bincike a kan fiye da mutum 4,500 masu ciwon ƙofa haɗe da rajafan, a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, ya nuna waɗanda aka bari a kan warfarin sun fi tsira daga mutuwa a kan waɗanda aka ba ɗaya daga cikin sababbin, wato rivaroxaban. Mai shan warfarin ya guji ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da asfirin da ake saye a tebur, ya daidaita cin ganye irin su lalo da zogale kada yau da yawa gobe babu, mace kuma ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Gwaji biyu ne ke raba gardama kafin a kashe ko sisi a kan biza, kuma dukansu ba sa bukatar tsallaka iyaka. Na farko awon lantarkin zuciya, wanda ake kira "rasmin ƙalb", shi zai faɗi ko rafrafa ce ko rajafan, kuma ya fi kyau a yi shi a daidai lokacin da ciwon ya motsa. Na biyu hoton "eko", shi zai nuna halin da ƙofofi ke ciki da girman zauren hagu. A haɗa da awon hawan jini da na sukari da na maƙoƙo, tunda shi ma yakan tayar da rajafan. Wanda kuma ya riga ya tafi aka yi masa, kada ya baro asibitin sai da rubutaccen rahoto da ke nuna layukan da aka ja, da ko an gwada su ta gefe biyu an tabbatar sun toshe, da ranar da zai koma, domin likitan da zai gan shi a Gadarif ko Kasala bayan wata shida da wannan takarda zai yi aiki.